Cikin Jariri, Ƙwayoyin Hanji da Abincin da Bai Karɓe Shi Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda ke ta dawowa daga bakin masu jego, da iyaye maza, wani lokaci har da kakanni, duk sa'ad da cikin jariri ya ƙi zama lafiya. An fara da masu sauƙi, ana ci gaba ana shiga ciki. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna. Karatu dai ba ya maye gurbin kai yaro a duba shi.

Wai da gaske akwai ƙwayoyin cuta a cikin jaririn da yake lafiya ƙalau?

Akwai, kuma da babu su da bai zama lafiya ba. Sunan ne ya cuce su: mun saba ce wa duk wata halittar da ido ba ya gani "ƙwayar cuta", alhali yawancin bakteriyar da ke zaune a hanji ba su da aikin da ya wuce taimako. Jariri yana fitowa daga ciki hanjinsa kusan fayau. Daga wajen haihuwa yake fara kwasarsu, a jikin uwa, a fatarta, a nono, a hannun masu ɗaukarsa. Kafin a yi suna sun riga sun cika hanjin.

A jaririn da ke shan nono zalla, wani jinsi mai suna Bifidobacterium ne ke mamaye wurin. Idan aka fara ba shi kunu da fate, sai wasu jinsunan su shigo, a yi ta canji har ya kai shekara 2 zuwa 3, lokacin da tsarin cikinsa ke komawa kusan irin na manya. Aikinsu shi ne narka abin da hanji ya kasa narkawa, da tare wuri don kada miyagun su samu masauki, da samar da wasu bitamin, da kuma wanda ya fi shafar maganarmu: koya wa garkuwar jiki bambanta baƙo mai cutarwa da abinci.

Mene ne alaji? Shi ne abin da muke ce wa "abinci bai karɓe shi ba"?

"Bai karɓe shi ba" magana ce mai faɗi, tana ɗauke da abubuwa da yawa. Alaji ɗaya ne daga cikinsu: garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin ɗin wani abinci a matsayin abokin gaba, ta far masa, jikin yaro ya sha wahalar faɗan. A jarirai, furotin ɗin madarar shanu ne ya fi jawo shi, kuma ana ƙiyasta yana shafar jarirai 2 zuwa 3 cikin 100.

Iri biyu ne. Akwai mai saurin tashi, wanda wani sojan jini da ake kira IgE ke haddasawa: daga 'yan mintuna zuwa awa 2 bayan cin abu sai borin jini ya fito, leɓe ko fatar ido su kumbura, amai ya biyo baya. Idan numfashi ya sarƙe ko yaro ya yi laushi, wannan gudu ake yi asibiti, allurar adirenalin ce maganinsa, Piriton ba ya isa. Akwai kuma mai jinkiri, wanda babu IgE a cikinsa, a hanji yake ɓarna, bayan awoyi ko kwanaki. Shi ne ya fi rikita iyaye, don kafin alamar ta fito an manta abin da aka ci. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kansa suke.

To ina ruwan ƙwayoyin hanji da alaji?

Hanji ne wurin da garkuwar jiki ta fi taruwa, domin nan ne abin waje ya fi shigowa. Kullum sai ta yanke hukunci: wannan a bar shi ya wuce, wannan a yaƙe shi. Jariri ba a haife shi da wannan wayon ba, koya yake yi, kuma bakteriya na cikin malamansa. Idan suka ci abin da ya isa babban hanji bai narke ba, suna fitar da wasu sinadarai masu tsami, irin su butiret. Wannan sinadari yana ciyar da fatar hanji, ya sa ta haɗe da kyau, yana kuma ƙarfafa wasu ƙwayoyin garkuwa waɗanda aikinsu sulhu ne, su ce wa sauran: ku dakata, wannan abinci ne.

A 2019 masu bincike na Jami'ar Chicago, tare da abokan aikinsu na birnin Naples a Italiya, sun ɗauki ɓeraye da aka rena babu bakteriya ko ɗaya a jikinsu. Wasu aka sa musu ƙwayoyin hanjin jarirai masu lafiya, wasu kuma na jarirai masu alajin madara. Da aka ba su furotin ɗin madara, na farkon sun tsira, na biyun jikinsu ya tashi. Har suka ware jinsi ɗaya, Anaerostipes caccae, wanda shi kaɗai ya iya kare ɓerayen. Ɓera ba mutum ba ne, kuma binciken bai zama magani a kemis ba, amma ya nuna cewa ƙwayoyin da kansu suna da hannu a lamarin.

Akwai wani da ya fi kusa da mu. A 2010 an kwatanta kashin yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, wato kusan abin da ke tukunyarmu, sun fi yawan jinsunan bakteriya masu narka dusa, sun kuma fi yawan waɗancan sinadarai masu tsami. Binciken bai auna alaji ba. Duk da haka, uwar da take raina kunun gero don ta ga na gwangwani a hannun maƙwabciya, ya kamata ta ji wannan labari.

Me ya sa ake ta nanata nonon uwa a wannan magana?

Saboda a cikinsa akwai abincin da ba na jaririn ba ne. Ban da ruwa, bayan sukarin nono da maiƙo, abu na uku mafi yawa a nonon ɗan'adam wasu nau'o'in sukari ne da cikin jariri ba ya iya narkawa. Wucewa suke yi har babban hanji, inda Bifidobacterium ke jiransu. Uwa tana shayar da ɗanta, tana kuma kiwon ƙwayoyin da za su tsare shi. Kashin mai shan nono shi ya sa yake ruwan ɗorawa, mai ɗan tsami, mai laushi, kuma wannan ba gudawa ba ce.

Dakashin da wasu ke matsewa su zubar wai don ba shi da kyau, shi ya fi kowane nono yawan sojojin garkuwa, su ne ke shafe hanjin sabon jariri tun ranar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa babu, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 ne kawai ke samun nono zalla a Najeriya, kuma sau da yawa ruwan da ake ɗura musu "saboda zafi" ne ke karya shi. Nono bai ba da tabbacin cewa yaro ba zai yi alaji ba, amma madarar gwangwani ko ta shanu da ake ba jariri a kwanakin farko kafin nono ya kawo, sannan a daina, tana cikin abubuwan da masana ke gargaɗi a kai. Zuma kuma a bar ta sai ya shekara, saboda wata bakteriya mai shanye jiki da kan ɓuya a cikinta.

Tiyata aka yi mini. Ɗana ya yi asara ke nan?

Ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne wani bincike da aka yi a Birtaniya a 2019 kan jarirai kusan 600 ya gano waɗanda aka ciro ta tiyata suna da ƙarancin wasu ƙwayoyin uwa, da yawan irin waɗanda ake samu a asibiti. Amma yawancin bambancin ya ragu kafin su shekara, kuma shayarwa tana gaggauta hakan. Tiyatar da ta ceci rai biyu ba abin da-na-sani ba ce. Dabarar nan da ake yaɗawa ta shafa wa jariri ruwan gaban uwa, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce kada a yi ta a wajen bincike, don ana iya shafa masa cuta.

Maganin da muke saya a kemis fa, yana taɓa ƙwayoyin?

Sosai. Maganin kashe bakteriya ba ya tambayar wace ce ta gida, wace ce baƙuwa. Ɗigon Ampiclox da ake ba sabon jariri haka kawai wai don "wanke ciki" ko don cibiya, da Flagyl da Septrin da ake ɗura masa duk sa'ad da kashinsa ya yi ruwa, suna share ƙwayoyin da ake wahalar shukawa, kuma yawancin gudawar jarirai bairos ne ke kawo ta, wanda waɗannan magunguna ba sa taɓawa. A 2018 an duba bayanan yara kusan 800,000 na iyalan sojojin Amurka, aka ga waɗanda suka sha irin wannan magani, ko maganin rage tsamin ciki, a wata 6 na farko sun fi samun cututtukan alaji daga baya. Na tsamin cikin ma ya fi alaƙa da alajin abinci. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar cewa maganin ne sanadi ba, amma ta isa ta sa mutum ya janye hannu.

Kada a ɗauki wannan a wuce gona da iri. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko yana numfashi da sauri, maganin nan ne ke cetonsa, a hannun likita. A Nijar ma, sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna raba wani maganin kashe bakteriya mai suna azithromycin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin 100. Abin da ake ƙi shi ne na ganin dama.

Na ga zaren jini da majina a kashinsa, amma yana wasa yana shan nono. Mene ne wannan?

Wannan shi ne kamannin alajin ƙarshen hanji, wanda ya fi kowane sauƙi. Yakan fara ne daga makonnin farko zuwa wata 6, sau da yawa a jaririn da nono kawai yake sha, domin ɗan furotin ɗin madarar da uwa ta sha yana ratsawa cikin nononta. Yaron yana ƙiba, babu zazzaɓi, babu amai mai tsanani, jinin kuma ɗigo ne ko zare a jikin kashi. Yawanci idan aka cire abin da ke jawo shi, jinin da ido ke gani yana ɗaukewa cikin kwana 3 zuwa 4, wani lokaci ya kai mako 2. Yadda ake cirewar yana cikin amsar tambayar daina shayarwa. Amma kafin ki yanke cewa shi ne, karanta ta gaba.

Ta yaya zan bambanta shi da atuni, ko abin da kakarsa ke ce wa ɗankanoma?

A ƙasarmu, jini a kashin yaro ba alaji ake fara zargi ba, kuma haka ya dace. Atuni yana zuwa da zazzaɓi, da murɗar ciki, da yunƙuri, yaro ya yi yaushi, shi kuwa maganin likita yake buƙata. Tsagewar dubura saboda kashi mai tauri tana ba da jan jini a saman kashin. Idan kan nononki ya tsage, yana iya haɗiyar jininki ya fito baƙi-baƙi. Jaririn da aka haifa a gida bai samu allurar bitamin K ba yana iya zubar da jini a makonnin farko, wannan kuwa ba a kwana da shi. Kalmar ɗankanoma ana jibga mata duk wani ja ko jini a dubura, daga nan a shiga jiƙo da turare da matsi, ainihin ciwon yana can yana ci.

A tafi asibiti a take idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: jini mai yawa, ko kashi ja mai yauƙi tare da kuka mai zuwa yana tafiya yaro na naɗe ƙafa, wanda kan nuna hanji ya shige cikin hanji, amai kore, ciki ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi, maɗiga ta faɗa ko fitsari ya ɗauke, ko jaririn bakwaini ne.

Duk ranar da na ba shi wani kunu, bayan awa biyu sai ya yi ta amai har ya galabaita. Alaji ne?

Yana iya zama wani nau'in alaji mai jinkiri wanda likitoci ke taƙaita sunansa da FPIES. Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya san ta: awa 1 zuwa 4 bayan cin abin, amai ya ɓarke babu ƙaƙƙautawa, yaro ya yi fari fat, ya yi laushi kamar tsumma, wani lokaci gudawa ta biyo bayan wasu awoyi. Babu borin jini, babu kumburi. Washegari ya tashi garau kamar ba shi ba. A asibiti sau da yawa ana ɗaukarsa cutar jini ko gubar abinci, a yi ta allura, sai ya maimaita sau biyu ko uku kafin wani ya lura cewa abinci ɗaya ne kullum. Sai a 2017 ma aka fitar da ƙa'idojin gano shi na ƙasa da ƙasa.

Madarar shanu da waken soya ne kan gaba, sai abin mamaki, shinkafa da alkamar Turawa da ake kira ots, waɗanda kowa ke ɗauka ba sa cutar da kowa. A Italiya da Sifaniya kifi ya yi fice. Garin da ake haɗawa da gero da soya da gyaɗa, da Cerelac mai madara a ciki, suna wahalar da bincike don abubuwa da yawa ne a cokali ɗaya. Ki rubuta abin da ya ci da lokacin da aman ya fara, ki kai wa likita. Idan abin ya tashi, ruwa ne magani: nono da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan in yana iya riƙewa, ƙarin ruwa ta jijiya in ya galabaita. Kada a sake gwada abincin a gida.

Tumbuɗi da kukan dare fa? An ce mini duk alaji ne.

Mafi yawansu ba shi ba ne. Tumbuɗi yana kai ƙololuwa wajen wata 4, yana tafiya da kansa kafin shekara. Kukan yamma mara dalili yakan tsananta wajen mako 6, ya lafa a wata 3 zuwa 4. Jaririn da ke shan nono yana iya yin kashi sau takwas a yini, wani kuma sau ɗaya a kwana biyar, duka lafiya. A ƙasashen Turai likitoci da kansu suna kukan an cika laƙaba wa jarirai alajin madara, ana sayar da madara mai tsada ga waɗanda ba sa buƙata. Abin da ke sa a yi zargi shi ne haɗuwar alamu: tumbuɗi tare da ƙin ƙiba, ko gudawar da ta ƙi ƙarewa, ko jini, ko ƙurajen fata masu ƙaiƙayi da suka ƙi jin mai. Katin awon nauyi ya fi bakin maƙwabta gaskiya.

Alajin madara da rashin narkar da sukarin madara, abu ɗaya ne?

A'a. Na farko faɗan garkuwa ne da furotin. Na biyu ƙarancin sinadarin da ke narka sukarin madara ne, babu garkuwa a ciki: iska, kumburi, kashi mai ruwa da kumfa, dubura ta yi ja. Manya da yawa suna da shi, Fulani makiyaya kuwa suna cikin al'ummomin da akasarinsu ke riƙe wannan sinadari har tsufa. A jariri, haihuwa da shi abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Wanda ake gani na ɗan lokaci ne, bayan gudawa mai tsanani ta goge fatar hanji, musamman ta rotabairos, wadda Najeriya ta sa rigakafinta cikin alluran yara a 2022. Yana warkewa cikin makonni, ba a daina shayarwa saboda shi. Madarar da aka rubuta "babu sukarin madara" a jikinta har yanzu tana ɗauke da furotin ɗin shanu, don haka ba ta yi wa mai alaji amfanin komai.

Wane gwaji ake yi a tabbatar?

Gwajin jini na IgE da na tsaga fata suna aiki ne ga mai saurin tashi kawai. Ga mai jinkiri, yawanci ba sa nuna komai. Gwajinsa na gaskiya mataki biyu ne: a cire abincin mako 2 zuwa 4 a ga ko alamu sun tafi, sannan a maido shi a ga ko sun dawo. Mataki na biyun ne mutane ke tsallakewa don tsoro, sai yaro ya shekara yana ƙauracewa abin da bai taɓa cutar da shi ba, alamun da ma lokacin tafiyarsu ne ya yi. Maidowa a gida na masu sauƙi ne kawai. Mai FPIES da mai saurin tashi a gaban likita ake yi musu.

Wani gwajin jini daban da ake kira IgG, mai jera abinci ɗari, da gwajin kashi mai "auna ƙwayoyin hanji" da ake tallatawa a intanet, ba sa gano alaji. Kuɗin ya fi amfani a awo da ganin likitan yara.

Uwar mijina ta ce nonona ne ba shi da kyau, in yaye shi. In daina shayarwa?

Kada ki daina. An bar jaki ana dukan taiki: nonon ba shi da laifi, abin da ya ratsa cikinsa ne. Ke ce za ki bar madara na mako 2 zuwa 4, kuma barin ya zama na gaske. Ba shayi mai kauri kaɗai ba: fura da nono, kindirmo, yogot, man shanu, cuku, alawar madara, Milo da Bournvita, biskit da kek da burodi mai madara. Idan babu canji bayan mako 4, ki koma cin abinki, ba madara ba ce. Idan an samu sauƙi amma bai cika ba, likita na iya cewa a ƙara da soya, wato har awara, ko ƙwai. Kada ki cire abinci biyar a lokaci ɗaya da kanki, garin neman ƙiba a samo rama.

Mai shayarwa tana buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 a yini. Ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, miyar kuka, zogale, riɗi da wake suna taimakawa, likita kuma zai iya rubuta miki ƙwayar kalsiyam da bitamin D. Game da Hajiya kuwa, gardama ba ta cika aiki ba. Ki roƙi maigida ya tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Kakar da ta fahimta, ita ce za ta fi kowa tsare jikanta daga mai miƙo masa cokalin fura.

Ba nono yake sha ba. Wace madara za mu koma? Ta akuya ta yi?

Ta akuya da ta tumaki ba su yi ba. Furotin ɗinsu ya yi kama da na shanu ƙwarai, mafi yawan masu alajin ɗaya suna da na ɗayan. Madarar soya ta jarirai ba a fara ta kafin wata 6, kuma a masu alajin hanji da dama ita ma tana tayar da ciwon. Ruwan soya na gida, ko kunu zalla, ko ruwan shinkafa ba abincin ɗan wata 3 ba ne, hanyar tamowa ce.

Abin da ake rubutawa shi ne madarar da aka farfasa furotin ɗinta ƙanana sosai, irin Nutramigen, wadda ke isar mafi yawan yara. Wanda bai samu sauƙi ba, ko ciwonsa ya yi tsanani, sai wadda aka haɗa daga tubalan furotin zalla, irin Neocate. Suna da ɗaci, suna da tsada, samunsu ma aiki ne a garuruwanmu. Shi ya sa idan nono bai daɗe da ƙafewa ba, ya cancanci a yi ƙoƙarin dawo da shi ta yawan sa yaro a ƙirji, da taimakon ma'aikaciyar lafiya.

In saya masa ƙwayoyin nan masu amfani da ake sayarwa? Ko kindirmo ya wadatar?

Tun da an ce ƙwayoyin hanji na da hannu, hankali zai ce a saya a ƙara. Hujja ba ta kai nan ba. Ƙungiyar alaji ta duniya, a ƙa'idojinta na 2015, ta ga ɗan amfaninsu ne wajen rage ƙurajen fata, shi ma da hujja mai rauni, ba wajen hana alajin abinci ba. Wasu binciken Italiya sun nuna ƙara wani jinsi da ake kira LGG cikin farfasasshiyar madara yana iya gaggauta warkewa. Kowane jinsi da aikinsa, sunan "mai amfani" a kwali ba ya nufin komai. Bakwaini kuwa kada a ba shi sai a asibiti: a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wani bakwaini da irin wannan ƙwaya ta shiga jininsa.

Kindirmo madarar shanu ce, tsaminsa bai cire furotin ba, don haka haramun ne ga mai alaji. Ga yaro mai lafiya da ya wuce wata 6 ba laifi, in dai an tafasa madarar kafin a ɗaura ta, saboda tarin fuka da zazzaɓin shanu da ke bin ɗanyar madara.

Ba zai fi ba in jinkirta ba shi gyaɗa da ƙwai har ya girma?

Da haka likitoci ke cewa, yanzu sun juya. An lura yaran Yahudawa a Birtaniya sun ninka na Isra'ila kusan sau 10 wajen alajin gyaɗa, su kuwa na Isra'ila tun suna jarirai suke cin wani abin ƙwalama na gyaɗa. Sai aka yi gwaji a Landan da jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka fitar da sakamako a 2015: cikin waɗanda aka hana gyaɗa har shekara 5, kusan 17 cikin 100 sun kamu, cikin waɗanda aka ba da wuri, kusan 3. Hanji yana koyon haƙuri da abin da ya saba gani.

Don haka daga wata 6, kunun gyaɗa mai laushi da dafaffen ƙwai da kifi su shigo, ɗaya bayan ɗaya, da rana, a bar 'yan kwanaki tsakani, kuma a ci gaba da bayarwa. Zancen wai ƙwai na sa yaro sata, ɓarayin da muka sani ba ƙwai ne ya ɓata su ba. Ƙwayar gyaɗa da ƙuli-ƙuli mai tauri kuwa a'a, suna shaƙe yaro, kuma a zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna. Yaron da ƙurajen fata suka yi wa yawa, ko wanda ya taɓa tashi da wani abinci, a ga likita kafin a fara.

An ce yawan tsafta ne ke kawo alaji. In bar shi ya ci ƙasa?

Tunanin ya samo asali ne daga wani likitan Birtaniya, David Strachan, wanda a 1989 ya lura yaran da ke da yayye da yawa ba su cika alajin hanci ba. Abin da ake nufi shi ne cuɗanya da mutane da dabbobi da waje, wadda yaranmu ba su rasa ba. Ruwan da ba a tafasa ba, da hannun da ba a wanke ba bayan bayan gida, da bulumbotin da ya kwana da madara, gudawa suke kawowa, ita kuwa tana kashe yara fiye da alaji nesa ba kusa ba, tana kuma wargaza ƙwayoyin hanjin da ake son karewa.

Zai rabu da shi, ko har abada ke nan?

Mafi yawa suna rabuwa da shi. Mai zaren jini a kashi yakan warke kafin ko wajen shekara 1. FPIES yakan tafi tsakanin shekara 3 zuwa 5, na madara sau da yawa kafin haka, na kifi yakan daɗe. Alajin madara mai saurin tashi ya fi jan lokaci, na gyaɗa kuwa a mafi yawan yara yana zama.

Ga mai sauƙi da aka tabbatar, abin da aka saba shi ne a ƙaurace wa madara aƙalla wata 6, ko har yaro ya kai wata 9 zuwa 12, sannan a fara hawa tsani: ɗan gutsuren biskit mai madara da aka gasa sosai, don zafin tanda yana sauya siffar furotin, bayan kwanaki sai kek, sai abincin da aka dafa da madara, sai yogot, a ƙarshe madarar kanta. Idan alama ta dawo a wani mataki, a koma wanda ya karɓe shi a zauna a nan, a sake gwadawa bayan wata 3 ko fiye. Ana farawa ne ranar da yaro yake lafiya, babu mura babu gudawa, kuma da safe, don a samu yini guda ana kallonsa.